Kyamarar Waya: Shin Kana Buƙatar Megafiksel 200 Don Ka Ɗauki Hoto Mai Kyau?

Rabin tallan waya a yau tallan kyamara ne. A jikin kwali za ka ga 50MP, 108MP ko 200MP, ga kyamarori uku ko huɗu, ga zum sau 100, ga bidiyon 8K. Idan ka shiga kasuwar waya irin Farm Centre ta Kano, kafin ka tambayi batir ko girman ma'adana, mai shago ya riga ya juya maka bayan wayar yana ƙirga maka idanuwanta. Bambancin farashi tsakanin wayar da ke da waɗannan lambobi da wadda ba ta da su kuwa, wani lokacin ya isa ya sayi wata wayar sukutum.

Mafi yawanmu kuma hotunan da muke ɗauka sanannu ne: na Sallah, na biki da suna, selfi da abokai, hoton allon lacca ko na rasit, sai kuma kayan sayarwa da ake ɗorawa a status. Mai irin wannan buƙata ba ya amfana da galibin abin da ake caje shi kuɗi dominsa. Abubuwa uku ne suke yin tasiri na gaske a hotonsa: girman sensar babbar kyamara, fasahar hana rawar hannu, da kuma manhajar da ke sarrafa hoton. A wannan darasi za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, mu ga abin da ya cancanci kuɗinka da abin da ado ne kawai.

Yadda kyamarar waya take aiki

Hoto haske ne da aka kama. Hasken yana shiga ta gilashin da kake gani a bayan waya, ya sauka a kan wani ɗan faranti da ake kira sensa. An rarraba fuskar sensar zuwa ƙananan gidaje, kowane gida shi ne fiksel ɗaya. Fiksel miliyan ɗaya shi ne megafiksel ɗaya, wanda ake taƙaitawa da MP. Daga nan sai masarrafar waya ta karɓi bayanan, ta gyara launi, ta rage ɗigo-ɗigo, ta fitar da hoton da kake gani.

Abin lura shi ne, yawan megafiksel ba ya nufin sensar ta ƙara girma. Ka ɗauki misalin gonar gado. Idan magada 12 suka raba ta, kowa zai samu fili mai auki. Idan magada 108 ne, gonar ba ta ƙaru da ko taku ɗaya ba, rabon kowa ne ya ragu. Haka fiksel yake: idan an cusa da yawa a ƙaramar sensa, kowanne haske kaɗan yake samu. Da rana tsaka ba za ka ga matsalar ba, domin hasken ya wadata. Amma da magariba, ko a ɗaki lokacin da aka ɗauke wuta, sai hoton ya fito da ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yashi.

Kamfanonin sun san da haka, shi ya sa suke haɗe fiksel da dama su zama ɗaya. Kyamarar 48MP tana haɗa huɗu-huɗu ta ba ka hoton 12MP. Ta 50MP tana ba ka 12.5MP. Galaxy S20 Ultra ta shekarar 2020 mai 108MP tana haɗa tara-tara ta fitar da 12MP, ita kuma Galaxy S23 Ultra ta 2023 mai 200MP tana haɗa sha shida-sha shida. Ma'ana, idan ba kai ka shiga ka zaɓi cikakken adadin da hannunka ba, a mafi yawan irin waɗannan wayoyi hoton da kake ɗauka kullum bai wuce kusan 12MP ba, duk da babbar lambar da aka rubuta a kwali.

Tarihi ma ya nuna haka. Nokia 808 PureView ta fito da 41MP tun 2012. Amma Apple ya zauna a kan 12MP daga iPhone 6s ta 2015 har sai da iPhone 14 Pro ta fito da 48MP a 2022. Wayoyin Google Pixel ma a kan kusan 12MP suka tsaya daga ta farko a 2016 har zuwa Pixel 5 a 2020, kuma a duk tsawon shekarun nan suna cikin wayoyin da aka fi yaba wa kyamararsu.

Ina hoton naka zai ƙare?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata ka fara yi wa kanka. Bari mu yi ɗan lissafi.

Allo mai ƙarfin Full HD yana da fiksel 1920 sau 1080, wato megafiksel 2 da ɗan ɗoriya. Talabijin mai 4K tana da 3840 sau 2160, kusan 8.3MP. Idan za ka wanke hoto a ƙaramin kati mai inci 4 da 6 a inganci mai kyau, abin da ake buƙata bai wuce 2.2MP ba. Idan a girman takardar A4 ne, kusan 8.7MP ya wadatar. Hoton 12MP ya zarce duka waɗannan.

Sai kuma manhajojin sada zumunta. Idan ka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi ya koma kusan 2MP, domin ya yi saurin tafiya kuma ya rage cin data. Instagram ma yana rage girman abin da ka ɗora. Wanda ya ɗauki hoton 108MP ya sa a status da wanda ya ɗauki na 12MP, duk ta ƙofa ɗaya za su bi, kuma a girma ɗaya za su isa wayar mai kallo. Abin da zai bambanta su shi ne haske, launi da tsayuwar hannu.

Idan kana son hotonka ya isa da inganci, akwai hanyoyi biyu da ba sa buƙatar sabuwar waya. Tun 2023 WhatsApp ya sa maɓallin HD a saman hoto kafin ka tura. Idan kuma kana son ya tafi yadda yake ba tare da an taɓa shi ba, misali za a kai shi wurin wanki, sai ka tura shi a matsayin fayil ta zaɓin Document.

Idanuwa huɗu a bayan waya

A ƙanana da matsakaitan wayoyi da yawa, babbar kyamara ce kaɗai take aikin kirki. Sauran sukan zama ta ɗaukar abu a kusa-kusa mai 2MP, ko ta auna zurfi mai 2MP. Ta auna zurfin ba ta ɗaukar hoto ma ita kaɗai, taimakawa kawai take wajen dusashe bayan mutum a tsarin Portrait, aikin da wayoyi da dama suke yi da manhaja zalla. Ita kuma ta kusa-kusa mai 2MP, sau da yawa idan ka ɗauki abin da babbar kyamara ka yanko wurin da kake so, zai fi fitowa garau. Akwai ma wayoyin da ɗaya daga cikin da'irorin bayansu fitila ce, ko kuma ado kawai.

Kyamarori biyu ne na ƙari suke da amfani na zahiri. Ta farko ita ce mai faɗi, wadda ake nunawa da 0.5x ko 0.6x. Tana taimakawa idan za ka ɗauki dangi gaba ɗaya a falo, ko ɗakin da kake son nuna wa mai haya. Sai dai galibi sensarta ƙarama ce, don haka ba ta jure duhu, kuma tana jan fuskokin waɗanda suke gefe. Ta biyu ita ce ta jawo nesa, kuma ita ce ta kawo mu batun zum.

Zum na gaske da zum na yanka

Zum iri biyu ne. Na gaske da gilashi ake yin sa, akwai kyamara ta musamman da aka ƙera don ta jawo abu sau 2, sau 3 ko sau 5. Huawei P30 Pro ta 2019 tana cikin wayoyin da suka fara yaɗa irin gilashin da ake kwantarwa a cikin jikin waya don a samu zum sau 5. Ɗaya nau'in kuwa yanka ne kawai: wayar tana yanko tsakiyar hoton ta buɗa shi. Idan ka yi zum sau 2 ta wannan hanya, kashi ɗaya cikin huɗu na fiksel ɗinka ne ya rage. Idan sau 10 ne, kashi ɗaya cikin ɗari ne ya rage. Shi ya sa rubutun da ka jawo daga nesa yake fitowa kamar an zana shi da gawayi.

A nan ne yawan megafiksel yake da ɗan amfani, kuma ya kamata a faɗa. Sensa mai kyau ta 48MP ko 50MP za ta iya yanko tsakiyarta ta ba ka zum sau 2 a 12MP mai tsabta idan akwai haske. Amma sau 30, sau 50 ko sau 100 da ake tallatawa, mafi yawansa manhaja ce take cike gurbi da hasashe. A watan Maris na 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce bayan wani ya dusashe hoton wata a allon kwamfutarsa, ya ɗauke shi da wayar Samsung, sai wayar ta fito da tabo da ramukan da babu su a abin da ya nuna mata. Kamfanin ya bayyana cewa manhajarsa tana gane wata ne ta ƙara masa armashi.

To, wa ke buƙatar zum na gaske? Wanda yake yawan ɗaukar hawan Sallah daga cikin cunkoso, ko wasan ƙwallo daga kan benci, ko mai wa'azi daga ƙarshen sahu. Idan sau biyu a shekara kake yin haka, ka auna ko ya kai ka ƙara kuɗi mai yawa dominsa. A sauran lokuta, taku biyar zuwa gaba ya fi kowane zum.

Pro, RAW, 4K da 8K

Tsarin Pro yana ba ka damar saita abubuwa da hannu. ISO shi ne yadda ake ƙara wa sensa ƙarfin jin haske: idan ya yi sama hoto zai yi haske, amma ɗigo-ɗigo zai ƙaru. Saurin ɗauka kuma shi ne tsawon lokacin da sensar take karɓar haske: 1/500 na daƙiƙa zai tsayar da yaro yana gudu, 1/10 kuwa ko numfashinka zai iya sa hoton ya yi dishi-dishi. Sanin wannan yana da kyau ga mai son koyon sana'ar. Amma a wurin biki, kafin ka gama saiti amarya ta wuce. Bugu da ƙari, a wayoyi da yawa idan ka shiga Pro, wasu gyare-gyaren da wayar take yi da kanta suna tsayawa, sai hoton ya kasa na tsarin da aka saba.

RAW ɗanyen hoto ne da wayar ba ta dafa ba. Idan ka buɗe shi za ka ga launinsa a kwance, sai ka zauna da manhaja irin Lightroom ka gyara shi. Ga kuma nauyi: hoton 12MP na yau da kullum bai cika wuce 3MB zuwa 5MB ba, amma a iPhone, ProRAW na 48MP yana kai wa kusan 75MB. Gigabait ɗaya da zai ɗauki hotuna sama da 200, a nan 13 kacal zai ɗauka.

Bidiyo ma haka. Bisa lissafin da iPhone take nunawa a saitinta, minti ɗaya na 1080p a firam 30 yana cin kusan 60MB, na 4K a firam 60 kuma kusan 400MB. Wato bidiyon kamu na minti 10 zai ci 600MB a na farko, 4GB a na biyu, ga zafin waya, ga shan batir. Shi kuwa 8K, fiksel miliyan 33 ne a kowane firam, kuma da wuya a samu allon da za a kalle shi a kai a gidajenmu. Ga TikTok, status da Facebook, 1080p ya wadatar.

Abin da ya cancanci kuɗinka

Na farko, girman sensa. A jerin bayanan waya, kamar a shafin kamfanin ko a GSMArena, za ka ga lamba irin 1/2.76 ko 1/1.56 na inci. Duk lokacin da lambar ƙasa ta fi ƙanƙanta, sensar ta fi girma. Mai 1/1.56 ta ninka mai 1/2.76 faɗi kusan sau uku, wato tana kama haske kusan ninki uku. Kusa da ita za ka ga f/1.8 ko f/2.4, wannan faɗin ƙofar shigar haske ne. Nan ma ƙaramar lamba ta fi: f/1.8 tana shigar da haske kusan ninki biyu na f/2.4.

Na biyu, OIS. Wannan wata 'yar na'ura ce da take motsa gilashi ko sensa don ta soke rawar hannunka. Ita take sa hoton dare ya fito tar, bidiyo kuma ya rage girgiza. Kada ka rikita ta da EIS, wadda manhaja ce take yanke gefen bidiyo don ya daidaita. Idan ka samu wayoyi biyu a kuɗi ɗaya, ɗaya 108MP babu OIS, ɗaya 50MP da OIS, a mafi yawan lokuta ta biyun ce za ta fi yi maka aiki.

Na uku, manhajar sarrafa hoto. HDR yana ɗaukar hotuna da dama a matakan haske daban-daban ya haɗa su, don kada sararin sama ya ƙone fari fat fuska kuma ta yi duhu, matsalar da duk mai ɗaukar hoto a ranar arewa ya sani. Tsarin dare, wanda Huawei P20 Pro da Google Pixel 3 suka fito da shi fili a 2018, yana tara hotuna na 'yan daƙiƙoƙi ya haɗa su wuri guda. Waɗannan su ne fasahohin zamani da mai ɗaukar hoto na yau da kullum yake mora kullum ba tare da ya taɓa wani saiti ba.

A ƙarƙashin wannan akwai batun launin fata. An daɗe ana ƙorafin cewa kyamarori ba sa fitar da baƙar fata daidai. Kamfanin Transsion, mai Tecno, Infinix da itel, ya yi suna a Afirka ne da daidaita kyamarorinsa don fatarmu, Google ma ya fito da Real Tone tare da Pixel 6 a 2021. Amma ka bambanta fitar da fata daidai da yi mata bilicin. Wayoyi da dama suna zuwa da tsarin ƙawata fuska a kunne, yana goge fata ya haskaka ta har mutum ya daina kama da kansa. Ka rage shi ko ka kashe.

Wannan ya fi shafar masu sayar da kaya ta intanet. Idan wayarki tana ƙara wa atamfa ko leshi launi, mai saye za ta ga ja jawur a status, kaya su iso ta ga wani abu daban. Ƙarshenta a dawo da kaya, a kuma rasa amana. Ga mai wannan sana'a, launi na gaskiya ya fi megafiksel 200 daraja.

Gwajin minti biyar kafin ka biya

Gani ya kori ji. Kafin ka miƙa kuɗi, ka nemi izinin gwada wayar:

1. Ɗauki hoton mutum a lungun shago mafi duhu, sannan ka buɗa fuskar. Duba ido da gashi, sun fito ko sun narke.
2. Tsayar da shi a bakin ƙofa, haske na bayansa. Idan fuskar da wajen duk sun fito, HDR ɗin yana aiki.
3. Ce masa ya ɗaga hannu yana motsi ka ɗauka. Wannan zai nuna maka yadda za ta yi da yara.
4. Ɗauki rubutun wata takarda, ka ga ko ana karanta shi har gefe-gefe.
5. Yi bidiyon daƙiƙa 20 kana tafiya, ka saurari sautin kuma.
6. Idan da hali, tura hoto ɗaya zuwa wata wayar. Allon wasu wayoyin yana ƙawata hoto fiye da yadda yake.

Masu duba waya ta hannu su sani cewa tsofaffin manyan wayoyi irin iPhone 11, Galaxy S10 ko Pixel 6a duk kusan 12MP ne da OIS, kuma sau da yawa hotonsu yana doke na sabuwar ƙaramar waya mai babbar lamba. Sai dai ka duba lafiyar batir, ka tabbatar ba a canja kyamarar ba, ka kuma bincika ko har yanzu wayar tana samun sabuntawar tsaro, domin a cikinta manhajar bankinka za ta zauna.

Gyaran da ba ya cin ko sisi

Kafin ka yanke hukuncin cewa kyamararka ce ba ta da kyau, gwada waɗannan na mako guda. Goge gilashin da ƙyalle mai laushi kafin kowane hoto. Maiƙon yatsa da ƙurar hunturu su suke sa fitilu su yi ja-ja a hoton dare. Ka sa haske ya kasance a gaban wanda kake ɗauka, ba a bayansa ba. Ka guji ranar tsaka, inuwar bishiya ko ta baranda ta fi, haka ma hantsi da bayan la'asar. Taɓa fuskar mutum a allo don kyamarar ta mayar da hankali a kanta, sannan ka ja alamar rana ƙasa ko sama don daidaita haske. Da dare ka riƙe waya da hannu biyu, ka manne gwiwar hannu a jiki, ka jira tsarin dare ya gama ƙirgensa. Idan kaya kake ɗauka, shimfiɗa farin ƙyalle kusa da taga, ka kashe fitilar waya.

A ƙarshe, buɗe ma'ajiyar hotunanka ka duba 50 na baya-bayan nan. Nawa ne ka ɗauka daga nesa? Nawa ka gyara a kwamfuta? Nawa ka wanke a babban allo? Idan amsar ba ta wuce ɗaya ko biyu ba, waya mai babbar kyamara ɗaya mai kyau, da OIS, da tsarin dare mai inganci ta ishe ka. Wanda hoto da bidiyo suka zama hanyar abincinsa, shi ne zai ci ribar RAW, 4K da zum na gilashi. Ragowar kuɗin naka kuwa, ka zuba shi a batir mai jimiri da ma'adanar 256GB maimakon 128GB, domin a wurin biki cikar ma'adana da mutuwar caji sun fi ƙarancin megafiksel hana mutum ɗaukar hoto.